Gwangwanin da ke gindin randa

A gindin randar Innarmu akwai wani gwangwanin madara da aka binne rabinsa a jiƙaƙƙen yashi. Ya yi shekara bakwai a wurin. A cikinsa akwai leda a ƙulle, a cikin ledar akwai 'yar kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Duk yaron da ya zo ɗiban ruwa ya san ba a taɓa wannan gwangwani, kuma kullum da safe, kafin ta hura wuta, Inna takan yayyafa wa yashin ruwa kamar mai ban-ruwan shuka. Insulin ɗin Baba ke nan. Ba mu da firji a lokacin, kuma ko da muna da shi, wutar lantarki ba ta da alƙawari.

Gwangwanin ya faɗo mini a rai a bazarar da ta wuce, ranar da na je gidan ƙanena na tarar da 'yarsa mai shekara goma sha biyu za ta ci abincin rana. Ta gaishe ni, ta ce, "Baffa, bari in yi allurata tukuna." Ta ɗauko wani abu kamar biro, ta murɗa gindinsa yana ƙas-ƙas, ta ɗaga gefen rigarta ta soka a fatar cikinta, ta ƙirga zuwa goma a hankali, sannan ta zare. Ko gezau ba ta yi ba. Ni kuwa sai da na kau da kai, don na tuna shekara biyu cur da kakanta ya yi yana gudun wannan allura, da abin da gudun ya ci masa.

A 1998, shekarar da Abacha ya rasu, Baba ya fara ramewa. Tela ne a Fagge, mutum mai jiki, amma cikin 'yan watanni wandunansa suka daina zama a ƙugunsa. Ya sha ruwa moɗa biyu a tashi ɗaya ƙishirwa ba ta tafi ba. Da dare ya fita bayan gida sau biyar, sau shida. Inna ce ta fara lura kiyashi na taruwa a inda ya yi fitsari, ta yi shiru da bakinta don kunya. Masu zuwa dubiya kowa da nasa: wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce basir ne ya yi masa yawa, wata gwaggonmu kuwa ta dage sammu ne daga abokan sana'a. Da aka ce ciwon suga ne a asibiti, Baba ya yi dariya, ya ce wannan ai ciwon masu kuɗi ne, shi me ya tara?

Abin da likita ya faɗa masa bai wuce jimla uku ba: ciwon suga ne, ka daina shan zaƙi, ga ƙwayoyi ka dawo bayan wata guda. Ban taɓa ganin laifin likitan nan ba, don layin da ke jiransa ya kai har bakin ƙofa. Amma da waɗannan jimloli uku muka koma gida, sauran bayani kuma muka shiga tsintarsa a majalisa, da ƙofar masallaci, da bakin masu tallar magani a mota da lasifika. Hikimar da ta fi karɓuwa ita ce ɗaci ke kashe zaƙi. Baba ya sha ruwan ganyen darbejiya, ya sha shuwaka, ya sha garafuni har fuskarsa ta saba da yamutsewa. Aka hana shi shinkafa da tuwon masara, aka ɗora shi kan wake da tuwon alkama. Babu wanda ya gaya mana alkama ma suga take komawa a jini, ko kuma girman malmala ya fi sunan hatsin muhimmanci. Sai ya zauna ya tashi da malmala uku ta alkama da kwanciyar hankali, yana ganin magani yake ci.

Da ƙwayoyi suka gaza aka ce sai allura, nan Baba ya tubure. Maganar da ke yawo a gari ita ce duk wanda aka fara yi wa insulin ya zo gargara, kowa kuma yana da labarin wani da aka fara yi wa bai yi wata uku ba ya rasu. Ba a lura cewa mutanen nan sai da ciwo ya gama cin su sannan suka yarda aka yi musu. Ga kuma raɗe-raɗin cewa daga alade ake samo ta. Wannan magana tana da tushe, domin shekaru da yawa daga jikin shanu da aladu ake tatso insulin. Amma tun 1982 aka fara sayar da irin ta ɗan Adam, wadda ake sarrafawa a masana'anta ta hanyar ƙwayoyin halitta, ba tare da an yanka wata dabba ba. Labarin ya shekara goma sha shida a duniya bai iso zauren gidanmu ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Wata rana Baba ya taka ƙusa a shago bai ji ba, don tafin ƙafarsa ya riga ya mutu da ji. Sai wari ne ya tona gyambon. Yatsu biyu aka yanke masa, kuma a kan gadon nan ne ya amince da allura.

Wadda ta koya mana ciwon suga ba a ofis muka same ta ba. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce a layinmu da ta yi ritaya, kowa na kiranta Sista. Ta zo dubiya, ta ga yadda nake riƙe da sirinji hannuna na rawa, ta ce a shimfiɗa tabarma a kawo mata lemon zaƙi guda. A jikin lemon nan na koyi allura. Ta nuna mini insulin iri biyu ce a wajenmu, mai haske kamar ruwa da mai gauraye kamar tsinkakken koko, kuma mai gaurayen ba a girgiza ta da ƙarfi, mirgina ta ake yi tsakanin tafin hannu. Ta ce a yi allura rabin awa kafin abinci, a riƙa sauya wuri tsakanin ciki da cinya don kada fata ta yi ƙulli ta daina shan magani. Sannan ta juya ga Baba ta yi masa bayanin da har ya bar duniya yana maimaita wa mutane.

"Malam," in ji ta, "ka san kasuwar Dawanau. Mota ta kawo buhunan hatsi ta sauke a bakin titi. In babu 'yan dako, kaya za su cika hanya, shaguna kuwa wayam. Abincin da ka ci shi ne buhunan, jininka shi ne titin, naman jikinka shi ne shagunan. Insulin ce 'yan dakon. Naka sun gaji, sun yi kaɗan, shi ya sa kake ci kana ramewa. Allurar nan ɗauko hayar wasu muke yi su taya su."

Baba ya yi shiru, can ya ce, "Hajiya, da haka aka faɗa mini tun farko, da yatsuna suna nan."

Duk da haka mun kusa rasa shi a wata na huɗu da fara allurar, kuma a hannuna. Sirinjinmu ya ƙare na je kemis na sayo wani. Ban san insulin na zuwa da ƙarfi biyu ba, mai awo 40 da mai awo 100 a kowace mililita, kowacce da sirinjinta. Kwalbar Baba mai 100 ce, aka ba ni sirinjin mai 40, mai jan murfi. Na ja zuwa lambar da na saba ja, ashe na ba shi ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Kafin azahar ya jiƙe sharkaf da gumi, jikinsa na kyarma, yana magana ba kan gado, bai gane Inna ba. Maƙwabta suka cika tsakar gida, ana cewa a kira malami, wasu na cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Sista ta shigo, ta taɓa goshinsa, ta tabbatar yana iya haɗiya, ta ce a dama suga cokali uku a rabin kofin ruwa. Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Sista, suga fa? Shi ne ciwonsa!" Ta ce, "Yau rashinsa ne ciwonsa, sakar mini hannu." Cikin minti goma sha biyar Baba ya dube mu ya tambayi dalilin taron. Daga baya ta ja mana kunne cewa in mutum ya suma gaba ɗaya ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake yi da shi a guje. Tun daga ranar ba a raba aljihun Baba da ƙwayar suga huɗu a ƙunshe cikin takarda, ni kuma ba na sayen sirinji sai na karanta lambar da ke jikinsa da ta jikin kwalba.

Makaranta ta biyu ita ce bencin asibiti. Ranar ganin likitan masu suga mukan isa tun bayan asuba, Baba bai karya ba saboda gwajin jini, mu zauna awa huɗu ko biyar. A kan wannan benci ake cinikin ilimi kyauta. A nan muka ji inda ake samun insulin da sauƙi, muka ji a riƙa duba tsakanin yatsun ƙafa kowane dare, a zazzage takalmi kafin a sa, a daina yanke farce da reza. A nan wani dattijo da ke zuwa daga ƙauye ya ba mu dabarar randa. A wajen wannan lokaci ne aka yi ta labarin Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, wanda ya samu lambar yabo ta Rolex saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai sanyaya tumatir da alayyafo. Hikimar ɗaya ce: ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi. Ƙa'idar kamfani ita ce kwalbar da ba a buɗe ba ta zauna a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare, wadda aka buɗe kuma a gama da ita cikin kusan mako huɗu. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka fitar da binciken da ya samo asali daga sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, wanda ya nuna insulin na riƙe ƙarfinta tsawon mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Da na karanta, dattijon nan na tuna. Zafin Kano a watan Afrilu yakan haura 40, don haka randarsa ce ke sauko da kwalbar zuwa inda za ta rayu.

Azumi ne kaɗai abin da benci bai iya warware wa Baba ba. Mutum ne da bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa, kuma ya ɗauka ko ɗigon jinin gwaji yana karya shi. Shekarar farko ya yi a ɓoye, ya rage allura da ra'ayin kansa, ya kwanta asibiti kafin goman ƙarshe. Na ga hawayensa ranar da limamin unguwa ya zauna da shi ya nuna masa rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya, da ciyarwar da ke kan wanda ciwonsa ba ya warkewa. Yau likitoci da malamai sun zauna tare a kan wannan mas'ala. Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya, IDF, da ƙawancen da ke nazarin ciwon suga da Ramadan sun fitar da jagora a 2016, suka sabunta shi a 2021. A ciki an fayyace cewa gwajin jini a yatsa ba ya karya azumi, ana so mai ciwo ya ga likitansa makonni kafin watan ya kama, kuma in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a sha ruwa nan take. Baba ya rasu bai ji wannan ba, Allah Ya jiƙansa.

Jikarsa kuwa nata ciwon daban ne, nau'i na ɗaya, wanda jiki ke daina yin insulin ɗungurungum. Ba gajiya 'yan dakon suka yi ba, babu su ne sam. Tana 'yar shekara tara ta fara fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, sai rama, sai amai da ciwon ciki. Kwana uku ana ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro. Da numfashinta ya koma sama-sama mai zurfi aka kai ta asibiti, wata matashiyar likita ta soki yatsarta, na'ura ta nuna abin da ke akwai cikin daƙiƙa biyar. A zamanin Baba sai an wuni ana jiran sakamako. Na sha tambayar kaina yara nawa aka binne a garuruwanmu da sunan zazzaɓi ko mayu, alhali ɗigon jini ɗaya ya isa ya faɗi gaskiya. Ƙididdigar IDF ta 2021 ta ce manya miliyan 24 ke da ciwon suga a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Iyayen yarinyar ba su sha irin duhun da muka sha ba. Akwai na'urar gwaji a gida, akwai biron allura mai siririn tsinke, akwai shirye-shiryen lafiya a gidajen rediyo inda likita ke amsa tambaya da Hausa. Kowace 14 ga Nuwamba ana gangamin ranar ciwon suga ta duniya, ana gwaji kyauta a wasu wurare, kuma Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Najeriya tana da rassa a jihohi. Lambar wayar ma'aikaciyar jinya na cikin wayar uwar. Wannan duk ci gaba ne, kuma wanda ya ga jiya ba zai raina shi ba.

Sai dai mai lasifikar nan bai tafi ko'ina ba, cikin waya ya koma. A da sai ka je kasuwa za ka ji shi, yanzu har kan gadonka yake iske ka, da farar riga irin ta likita da hotunan waɗanda wai sun warke. Mako biyu da sallamo yarinyar, saƙonnin murya suka fara shigowa daga 'yan uwa masu kyakkyawar niyya: ga wani mai magani da ke raba mutum da suga cikin kwana arba'in, sharaɗinsa a ajiye allura. Wannan sharaɗi ga yaro mai nau'i na ɗaya kisa ne, ba na sassauta kalmar, domin kwanaki kaɗan zai yi babu insulin jininsa ya gurɓace ya shiga suma. Ba ni da faɗa da zogale ko hulba a cikin abinci. Faɗana da wanda zai ce wa uwa ta ajiye abin da ke riƙe da ran ɗanta don ya sayar mata da gora ɗaya ta jiƙo. Mu ƙishirwar bayani muka yi fama da ita. Su ambaliya ce ta same su, ruwan kuma gurɓatacce ya fi yawa. Ingantaccen bayanin yawancinsa da Turanci yake, takardar cikin kwalin magani ma haka, ƙaryar kuwa da Hausa tsantsa take zuwa, da sallama da addu'a. Ko lambobin kansu suna ruɗa mutane: takardar asibiti ta ce 7, na'urar gida ta ce 126, uwa ta firgita, alhali abu ɗaya ne a ma'auni biyu, a ninka na farkon sau 18 a samu na biyun. Wa zai zauna ya faɗa mata wannan in ba wanda ya taɓa firgita irin tata ba?

Akwai kuma ciwon da bayani ba ya magani. Ranar 14 ga Nuwamban nan ranar haihuwar Frederick Banting ce, wanda shi da Charles Best suka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko, ya tashi daga bakin kabari. Masu binciken suka sayar wa jami'arsu haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗai-ɗai, don kada kuɗi ya hana kowa samu. Shekara ɗari bayan haka kamfanoni uku ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin ta duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu nau'i na biyu, irin na Baba, da ke buƙatarta ba sa samu. Tamu daga waje ake shigo da ita, da dala. Da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, farashin kwalba da na tsinken gwaji suka yi tashin gwauron zabo. Ƙanena malamin firamare ne. Ya san ya kamata a gwada yarinyar aƙalla sau huɗu a rana, ya san dalili, zai iya yi maka bayani kamar likita. Amma akwai ƙarshen watan da sau ɗaya ake gwadawa, da asuba, sauran kuma a dubi idonta a yi addu'a. Baba bai sani ba ya wahala. Ɗansa ya sani sarai, kuma ina ganin nasa zafin ya fi, don yana kallon abin da ya kamata ya yi hannunsa bai kai ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wani gangamin wayar da kai da bai taɓo farashi ba, rabin aiki ya yi.

Abin da ke riƙe da su a irin waɗannan watanni shi ne dai bencin nan. Iyayen yara masu allura sun san juna a can, sun karɓi lambobin juna. Wadda ta samu rarar tsinken gwaji takan raba, wadda kwalbarta ta fashe da dare takan samu mai ara mata kafin gari ya waye. Su suka koya wa matar ƙanena yadda za ta je makaranta ta zauna da malamar aji, ta bar mata ƙwayoyin suga a aljihun tebur, ta roƙe ta kada ta hana yarinyar fita fitsari ko cin wani abu a tsakiyar darasi. Su suka kwantar mata da hankali ranar da wata dangi ta ce a rufa maganar ciwon, kada ya hana yarinya miji nan gaba.

Watan jiya na raka su ganin likita. Benci ya sauya, na ƙarfe ne yanzu, amma jiran bai ragu ba. A gefenmu akwai wata mata da ɗanta ɗan kimanin shekara shida, an sallamo su ke nan bayan kwanciya, tana riƙe da ledar magani da hannu biyu kamar za ta ƙone ta. Daga ganin idonta ba ta yi barci ba. Matar ƙanena ta matsa kusa da ita ta ce, "Baiwar Allah, sannu da jiki. Yaushe aka gano?" Ta ce kwana tara. Ta ce an yi mata bayani amma kanta ya ɗauki zafi ba ta riƙe komai ba, garinsu kuma babu wuta, ba ta san inda za ta ajiye kwalbar ba. 'Yar ƙanena ta buɗe jakarta ta fito da bironta tana nuna wa yaron, shi kuma ya miƙa hannu yana son ya murɗa gindin ya ji ƙarar. Uwarta ta karɓi ledar, ta duba lambar jikin kwalba, ta duba ta sirinji, ta ga sun dace, ta mayar. Sannan ta ce, "Kuna da randa a gida?"